Gawo Ɗan Gida, Dogon Yaro Baƙo

Wanda ya zaga ƙasar Gidan Katta, wajen Illela kusa da iyakar Nijar, da tsakar rani, zai ga itatuwa biyu da ɗanyen ganye shar, watau gawo da dogon yaro. Ɗaya ɗan ƙasa ne, ɗayan kuwa baƙo.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To, wannan baƙo dai ya zo da zama. Asalin dogon yaro daga ƙasar Indiya ne. A 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga nan ya bazu har Sakkwato. Yau tsuntsaye da jemagu ke baza ƙwallonsa, yana tsirowa inda ba wanda ya shuka. Amfaninsa ba kaɗan ba ne. Ga inuwa a kasuwa da ƙofar gida, ga icen girki, ganyensa kuma manoma kan sa cikin hatsi don ƙwari. A kwarin Majiya da ke Nijar, tun 1975 aka jera shi layi-layi domin ya tare iska kada ta binne shuka da rairayi. Amma fa ganyensa ba ya zuba da damina, saboda haka geron da ke ƙarƙashinsa ba ya yin ƙwari.

Halin gawo dabam ne. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganye, rana ta sami shuka, ganyen kuwa ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya sake tohowa, dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Shi ya sa gero ya fi kyau a gindinsa. Haka kuma aduwa da magarya da kalgo da sabara, kowanne da ranarsa, gama wasunsu sun ceci mutane da dabbobi a farin 1973 da na 1984.

Abin baƙin ciki, lokacin sassabe ne ake hallaka su, a sare toho, a cinna wa kututture wuta. A ƙasar Maraɗi, tun 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya nuna wa manoma wata dabara. In kututture ya yi toho, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kuma tsare su daga awaki. Saiwar tana nan da ranta, ba ta bukatar ban ruwa. Ta haka gonakin Nijar kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa.

Saboda haka, kafin manomi ya ɗaga gatari bana, ya duba da kyau. Dogon yaro a bakin gona da gefen hanya, gawo kuwa a bar shi tsakiyar gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.