Rarrabe Ƙwayoyin Cutar Dabbobi da Muhimmancinsa ga Makiyayan Arewacin Zamfara

Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, yana cikin cututtukan da suka fi addabar shanu a ƙasashen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, kuma abin da ya fi ɗaure wa mai garke kai game da shi shi ne yadda saniyar da ta warke bara take sake kamuwa bana. Bayanin wannan yana cikin yadda masana suka rarraba ƙwayoyin bairas, wato halittun da suka fi bakteriya ƙanƙanta kuma ba sa hayayyafa sai a cikin ƙwayar jikin wani mai rai. Kwamitin ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1966 ne yake jera su dangi-dangi, kowane dangi da jinsunansa, amma rabon da ya fi shafar makiyayi yana ƙasa da matakin jinsi.

Ƙwayar boru jinsi guda ce, sai dai tana da rukuni bakwai, kuma ma'anar rukuni a nan ita ce garkuwar da jiki ya samu daga ɗaya ba ta kare shi daga sauran. Rukunan O da A an bambance su a Faransa a 1922, C ya biyo baya a Jamus a 1926, daga bisani aka gano SAT 1, SAT 2 da SAT 3 a samfuran kudancin Afirka, sannan Asia 1. Rabon da a ga rukunin C tun 2004. A Nijeriya an tabbatar da O, A, SAT 1 da SAT 2, kuma kowane rukuni yana da rassa da ake ganewa ta hanyar karanta tsarin gadon ƙwayar, waɗanda galibi suke bin yankunan ƙasa. An sami reshen O na Afirka ta Yamma da kuma wani na Afirka ta Gabas duka a Nijeriya, abin da ke nuna nisan da cuta take yi a bayan fataucin shanu. Wannan batu ba ƙarami ba ne ga yankin da shanun Jamhuriyar Nijar ke haɗuwa da na gida a kasuwar Shinkafi da wuraren kiwo irin na Dumburum, domin allurar da aka haɗa don rukunin da ba shi ke yawo ba asarar kuɗi ce, kuma tana zubar da amincewar makiyayi da rigakafi baki ɗaya.

Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda aka fara bayyanawa a Kwaddibuwa a 1942, ta sha bamban. Ƙwayarta ƴar'uwar ta ƙyanda ce da ta cutar bushiya ta shanu, tana da zuriya huɗu amma rukuninta ɗaya, saboda haka allura guda, wadda aka samar daga ƙwayar da aka ware a Nijeriya a 1975, tana kare dabba daga dukkansu tsawon shekaru. Irin wannan sauƙi ne ya taimaka aka kawar da bushiya daga duniya a 2011, shi ne kuma ya ba da ƙwarin gwiwar sanya 2030 a matsayin wa'adin kawar da PPR.

Duk wannan ilimi ya dogara ne ga samfurin da aka ɗauka daga gyambon harshe ko kofato tun cutar tana sabuwa, aka kai shi cikin sanyi zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko cibiyar Pirbright ta Ingila. Rashin tsaro ya taƙaita zuwan malaman dabbobi rugage a arewacin Zamfara, kuma inda ba a ɗauki samfur ba, da hasashe ake zaɓa wa garke allura.