Wuƙa Ta Biyu: Doguwa Ko Gajeriya?

Shirinmu na yau daga Zuba yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Gwagwalada, inda hanyar Kaduna ta haɗu da ta Lokoja, ga Dutsen Zuma can ta wajen Madalla. Batunmu kuwa wuƙa ce, ba irin mai naɗewa ba, a'a, wadda ake zarowa daga kube.

Manomi ko mafarauci ko makiyayi a wannan yanki, da wuya ka same shi babu adda. Ita ce ta farko, ita ke sara, ita ke buɗa hanya cikin ciyawar damina. Magana tana kan ta biyun.

Samari da yawa in sun je wurin maƙeri, kan doguwa hannunsu ke faɗawa, wai ta fi kwarjini. To, mene ne doguwa za ta yi maka wanda adda ba ta yi? Ka ɗauki kaya biyu, aiki ɗaya. Abin da ke gagarar adda shi ne ƙananan ayyuka: fiɗar zomo, feƙe turke, yanke igiya, ɓare rogo. Wannan kuwa, ruwan wuƙa mai tsawon santimita 10 zuwa 12 ya ishe ka.

Wanda ke shakka ya leƙa kasuwar kayan marmari ta Zuba, ya tsaya gaban mai fere lemu. Wuƙarsa 'yar ƙarama ce, ya riƙe ta dab da ruwan, lemun ne ke juyawa a hannun hagu, ɓawon na saukowa zare ɗaya bai tsinke ba. Ba shi doguwa ka ga yadda zai ɓata kaya.

Sai batun kare kai, wanda shi ne ke ran mutane ko ba su faɗa ba. Gaskiya ne Buzaye sun shahara da wuƙar damtse, amma zamanin ayari daban, tashar motar Zuba daban. Wuƙa ba ta aiki sai mutum ya zo maka dab, kuma wanda ya zare ta a rigima, ko ya kwana a asibiti ko ya tsaya gaban alƙali. Dokar tarurruka ta 1979 ma ta haramta zuwa taro ko jerin gwano da makami. A shingen 'yan sanda kuwa, wuƙar da ke cikin jaka tare da kayan aiki ta fi wadda ke soke a ƙugu sauƙin bayani. A daji, in maciji ne ko karen da ya taso maka, sanda ta fi ta amfani nesa ba kusa ba.

In za ku saya, ku duba ƙota tukuna. Ƙarfen ya ratsa ta har gindi, ba a ɗan cusa shi aka bari ba, don nan take karyewa. Maƙeranmu sukan ƙera da ƙarfen sifirin na mota. Yana ɗaukar kaifi, yana da sauƙin wasawa, sai dai ba ya shiri da danshi: a goge bayan aiki, a shafa ɗan man gyaɗa. Kube kuma baduku ya ɗinka shi daidai jikinta, yadda ko ka kife shi ba za ta sulluɓo ba. Amma kada a bar ta a ciki tsawon damina, fata na riƙe laima.