Rinjayen Kananci a Kasuwar Kurmi: Riba da Asara

Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15 fatake ke sauke kaya a cikinta, kowa da irin Hausarsa. Har gobe, in ka tsaya a layin dukawa, za ka ji Basakkwace ya ce "zamna", "biyat", "kuɗɗi", inda Bakano zai ce "zauna", "biyar", "kuɗi". Bazazzagi bai cika bambanta namiji da mace a magana ba, "rigan" yake cewa a madadin "rigar". Mutumin Maraɗi kuwa da lissafin sefa yake zuwa, dala da jikka.

Amma kafin a gama ciniki, baƙon ne ke lanƙwasa harshensa, mai rumfa ko gezau. Dalili na kusa shi ne aljihu: wanda bakinsa ya nuna baƙo ne, tsoron a tsuga masa kuɗi yake yi. Na nesa kuwa rubutu ne. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yaɗa ta. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙarfafa ƙa'idojinta. Sashen Hausa na BBC ya biyo baya a 1957. Daga 1990 fina-finan Kano suka kai Kananci har tsakar gida.

Ribar a bayyane take. Littafi ɗaya ana karanta shi daga Damagaram har zangon Kumasi.

Asarar ce ta fi damuna. Sau da yawa a fim, bakin baƙauye ko ɗan barkwanci ake ɗora wa Sakkwatanci, har yaro ya taso yana jin kunyar maganar kakarsa. Alhali masana sun nuna "zamna" ta girmi "zauna", kuma da wannan karin Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na Hausa, da shi Narambaɗa ya yi wa sarakuna waƙa. Matashin da bai san shi ba, sai an yi masa fashin baƙin gadonsa.

Masu Sifaniyanci sun kama wata hanya. A 1951 cibiyoyin harshensu suka haɗa ƙungiya a Meziko, yau ƙamusunsu na ɗauke da kalmomin Ajantina da Kolombiya tare da na Madrid. Jami'o'in Bayero, Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai suna da malaman da za su iya yi wa Hausa irin wannan aiki.