KEKE MAI AIKI DA LANTARKI: ABIN DA YA KAMATA MAI SAYE YA SANI

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin shiga mota ya hau, jama'a da dama kuwa suka shiga neman abin hawa wanda ba ya shan mai. Ɗaya daga cikinsu shi ne keke mai aiki da lantarki. An shirya wannan bayani ne musamman domin mazauna garuruwa masu tuddai, kamar Jos da Abuja da Inugu da Lakwaja, waɗanda ke son keken zuwa kasuwa. Keken da ke gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba lalle ne ya iya hawa tudu da kaya ba, balle ya sauko lafiya. Saboda haka da tudu da nauyin kaya ake auna shi, ba da ƙyalƙyalin fenti ba.

YADDA YAKE AIKI

Keke ne irin wanda muka saba da shi, yana da feda da sarƙa da giya, sai dai an ƙara masa batir da ƙaramin inji. Duk lokacin da mahayi ya taka feda, injin zai ƙara masa ƙarfi. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da irin wannan keke kasuwa a 1993. A dokar Tarayyar Turai, ana ɗaukarsa a matsayin keke ne idan ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, kuma injin ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Nauyinsa yakan kai kilo 20 zuwa 30.

Injin iri biyu ne. Akwai wanda ake sawa a cibiyar taya, wanda ya fi araha amma yakan yi zafi a doguwar hawa. Akwai kuma wanda ake sawa a tsakiya, wajen feda. Shi wannan ta sarƙa yake ja, don haka idan mahayi ya sauko ƙaramar giya, injin ma ya sami sauƙi. Mai zama a kan tudu ya fi dacewa ya nemi na biyun.

BATIR DA TSAWON TAFIYA

Batirin na litiyam ne, mai bolt 36 ko 48. Matsakaicinsa yana ɗaukar kusan rabin yunit na wutar lantarki, yana cika cikin awa 3 zuwa 6, kuma yana iya kai mutum kilomita 40 zuwa 80. Amma tudu yana cin batir ƙwarai. Alal misali, mahayi mai kilo 70 a kan keke mai kilo 25 da cefane na kilo 25, jimla kilo 120 ke nan. Ɗaga wannan nauyi sama mita 100 yana cin ƙarfin da zai isa tafiyar kilomita 3 ko 4 a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Don haka kada mai saye ya dogara da nisan da aka rubuta a kwali.

BIRKI DA ƊAUKAR KAYA

Hatsarin ba a hawa yake ba, a gangara yake. Nauyin da inji ya haye da shi tudu, birki ne kaɗai zai tsayar da shi a sauka. A nemi keke mai birkin faifai gaba da baya, domin ya fi na roba kamawa, musamman da damina. Kariyar baya galibi kilo 25 aka yi ta ta ɗauka, kuma akan rubuta iyakarta a jikinta. A raba kaya gida biyu, hagu da dama, a ɗaure su ƙasa-ƙasa. Rataye leda a hannun keke ganganci ne.

HATTARA DA GOBARA

Batirin litiyam marar inganci, ko wanda ya fashe, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A birnin New York na Amurka, gobarar irin wannan batir ta kashe mutum 18 a 2023. Don haka ana jan kunnen jama'a da su kiyaye waɗannan:

1. A yi amfani da cajar da ta zo da keken kaɗai.
2. Kada a bar batir a wuta a kwanta barci, kada kuma a yi cajinsa a bakin ƙofar fita.
3. Idan aka ɗauke wuta, a zare caja, domin wutar kan dawo da ƙarfi.
4. Kada a bar shi cikin rana ko ruwa.
5. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi waje nan take.

KAFIN A BIYA KUƊI

A tambayi mai sayarwa kuɗin sabon batir da inda ake samunsa, domin batir yakan raunana bayan caji 500 zuwa 1,000, kuma shi ne mafi tsada a jikin keken. A karɓi rasit da takardar garanti. Sannan a gwada keken a kan tudu na gaske, da kaya a baya, hawa da sauka.

A ƙarshe, a tuna cewa dokar hanya ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan direba. A bi hannun dama, kamar yadda ake yi a ƙasar nan tun 1972, a sa hular kwano, a kunna fitila da dare. Rigakafi ya fi magani.