Bayan aikin yanar ido: me ya sa wasu ke ci gaba da gani dishi-dishi?

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kamar sauran sassan jihar Maraɗi, yanar ido na cikin manyan cututtukan da ke makantar da dattawa. Masu hali sukan bi babbar hanya zuwa Maraɗi, inda asibitin ido na Makka yake, wasu su tsallaka Kano, sauran kuwa su jira ayarin likitocin da ke yin aiki kyauta. Da yawa suna komawa gida da murna. Amma akwai waɗanda aka cire wa yana lafiya lau, duk da haka ba su shaida fuskar mutum daga nesa. Sau da yawa laifin na awo ne.

Ga yadda al'amarin yake. Cikin idon ɗan Adam akwai wani ɗan madubi garai-garai da ke tattara haske. Idan ya dushe, shi ake kira yana. Likita yakan fitar da shi ya sa na roba a gurbinsa, dabarar da Harold Ridley ya fara a birnin Landan a 1949. Shi wannan madubin roba yana da lamba, kamar tabarau, kuma kowane ido da lambar da ta dace da shi. Don gano ta sai an auna tsawon ido, wanda a yawancin mutane milimita 23 ne zuwa 24, a kuma auna lanƙwasar gaban ido. Kuskuren milimita 1 kacal a wajen awon tsawo na iya jawo bambancin lamba 2 da rabi zuwa 3, abin da ya isa ya hana mutum gane mai zuwa a bakin kasuwa.

Hatsari na farko ke nan: a yi aiki ba awo. Inda babu na'ura, ko babu maduban roba masu lamba iri-iri, sai a sa wa kowa lamba guda. Mai ido madaidaici yakan dace, wanda nasa ya cika tsawo ko gajarta sai ya sha wuya. Irin waɗannan idanu, ko da na'ura, lissafinsu ya fi saurin kucce wa likita. Saboda haka duk wanda ya daɗe da tabarau mai kauri, ya tafi da shi ya nuna.

Na biyu, tabo a gaban ido. Amodari, wanda ya daɗe yana addabar karkarar Maraɗi, yakan juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ido har ya bar tabo. Haka ma ƙyanda, da rauni a gona, da naman da ke tsirowa ya hau baƙin ido. Duk suna ɓata lanƙwasar da ake aunawa. Na uku, jinkiri. Yanar da ta ƙosa ta yi tauri takan tare hasken na'urar awo, kuma fitar da ita ya fi wuya. Na huɗu, yankan kansa: idan ya yi faɗi, ko ɗinki ya ɗaure, gaban ido yakan karkace, abubuwa su riƙa fitowa da inuwa. Ciwon suga da hawan jinin ido kuwa suna iya rage gani ta hanyar da tabarau ba ya gyarawa, don haka a faɗa wa likita tun da wuri.

Abin farin ciki, mafi yawan kuskuren lamba tabarau na gyara shi. Ana yin awon ne bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da ido ya natsu. Nan ne gizo ke saƙa, domin tsoho ya koma ƙauye, kuɗin mota ya yi wuya, damina ta faɗi. A sani kuma cewa madubin roba na yau da kullum don ganin nesa ake zaɓensa. Mai karatun Alƙur'ani, da ɗan kasuwa mai lissafi, da ma'aikacin ofis za su bukaci tabarau na kusa. A 2021 ƙasashen da ke cikin hukumar lafiya ta duniya, OMS, sun amince cewa nan da 2030 za a ƙara yawan masu samun aikin yana mai kyakkyawan sakamako da maki 30 cikin 100, kuma aikin da aka samu gani sosai bayansa kaɗai ake lissafawa.

Dattijo guda da ya dawo yana ƙorafi ya isa ya hana ƙauye zuwa asibiti, jama'a su koma ga masu tura yana cikin ido da tsinke. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanya aka bi, kuma akasarinsu ba su samu gani na kirki ba.

Ku ƴan kasuwa da ma'aikata, ku ne ke ɗaukar nauyin iyaye. Kafin aiki ku tambaya ko an auna idon. Ku adana takardun asibiti. Cikin kasafinku ku ware kuɗin komawa da na tabarau tun ranar farko, domin da su ne aikin yake cika.