Zagin "Maras Abin Yi" a Bakin Matasan Jamus

A ƙasar Jamus, idan saurayi ya fasa gilashin tashar bas haka siddan, ko ya wuni yana tsokanar mutane a intanet, sa'o'insa kan jefe shi da kalmar "hobbylos". Kalma ce mai gaɓa biyu: "Hobby", wadda Jamusanci ya aro daga Ingilishi, wato abin da mutum ke yi don sha'awa a lokacin hutunsa, da ɗafin "-los", mai nufin "maras". Ba a kira shi mugu ba, ba a kuma taɓa iyayensa ba. Cewa aka yi ba shi da abin da zai cika lokacinsa da shi, don haka ya addabi jama'a.

Mai karatu zai iya tambayar ina zafin wannan zagi. Amsar tana cikin yadda Jamusawa suka tsara hutunsu. Akwai ƙungiyoyi masu rajista fiye da 600,000 a ƙasar, waɗanda ake kira "Verein": na ƙwallo, na rera waƙa, na kiwon tantabaru, na masu kashe gobara don sa kai. Mutum 7 sun isa su yi wa sabuwar ƙungiya rajista. A wajen mutanen da suka tashi cikin wannan tsari, wanda ba ya ko ɗaya tamkar bai shiga cikin mutane ba ne.

Sai dai "hobbylos" tana da wata abokiyar tafiya wadda ba ta wasa ba ce, wato "Assi", gajeren "asozial", ma'ana wanda bai dace da zaman jama'a ba. Yara da yawa kan furta ta ba tare da sanin inda ta fito ba. A shekarar 1938 gwamnatin Nazi ta kama mutane fiye da 10,000, galibi mabarata da marasa muhalli da waɗanda aka ce ba su son aiki, ta tura su sansanonin gwale-gwale da wannan suna, aka liƙa musu baƙin ƙyalle mai kusurwa uku a riga. Bayan yaƙi ma kalmar ba ta mutu ba. Sashe na 249 na dokar laifuka ta Jamus ta Gabas, ta 1968, ya tanadi ɗauri ga mai irin wannan "hali". Sai a 2020 majalisar dokokin tarayya ta amince a hukumance cewa waɗanda Nazi suka tsare da wannan tambari an zalunce su. Jinkirin ya yi yawa, domin kaɗan ne daga cikinsu suka rage a raye.

Ita kuwa "hobbylos" kaifinta ya soma dakushewa. A 2021 wasu shahararrun matasa biyu na YouTube, Rezo da Julien Bam, suka raɗa wa shirinsu na hira wannan suna, suna yi wa kansu ba'a da shi.