Mota mai kwando

Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi bisa gawo a gonakin Dungas ya san hawa ba wasa ba ne. Makiyayin yana riƙe reshe da hannu ɗaya, yana sara da ɗayan, tumaki suna jira a ƙasa. In ƙafarsa ta zame, sai faɗuwa. Ma'aikatan wutar lantarki su ma bisa suke aiki, a kan turaku. Amma su haɗarinsu biyu ne: ga faɗuwa, ga wuta. Mota mai kwando tana rage haɗarin nan biyu.

Daga ina wuta take zuwa?

Kamfanin da ke raba wuta a Nijar shi ne NIGELEC. An kafa shi a shekarar 1968. Akwai wutar da ake yi cikin ƙasa, akwai kuma wadda ake sayowa daga Nijeriya. A shekarar 1994 aka buɗe wani babban layi daga Katsina. Ya biyo ta Gazawa, can ya rabu biyu: ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Daga Damagaram ƙananan layuka suna kai wuta wasu garuruwan jihar.

Ana auna ƙarfin wuta da bolt. Wutar da ke shiga gida bolt 220 ce, kuma tana iya kashe mutum. Ta babban layin Katsina bolt dubu 132 ce. Shi ya sa ake rataya wayoyi can sama, inda mutum da dabba ba su kaiwa. To, amma waya tana tsinkewa. Iskar farkon damina tana karya rassa, su faɗa mata. In haka ta faru, fitila ta mutu a ɗakin haihuwa, maganin rigakafi ya yi zafi cikin firij, famfon ruwa mai aiki da wuta ya tsaya. Dole wani ya hau ya gyara.

Yadda motar take

Babbar mota ce, mai dogon hannu na ƙarfe a bayanta. Hannun yana da gwiwa kamar na mutum: yana lanƙwasawa, yana miƙewa, yana juyawa dama da hagu. A ƙarshensa akwai kwando mai zurfi, wanda ke ɗaukar mutum ɗaya ko biyu da kayan aikinsu. Motoci da yawa suna kai kwandon metir 10 zuwa 20.

Kafin a ɗaga hannun, direba yana sauko da wasu ƙafafun ƙarfe daga gefen motar, su kafu a ƙasa. Mutumin da zai ɗaga buhun hatsi yakan ware ƙafafunsa don kada ya faɗi. Haka motar take yi. In ba a kafa ƙafafun ba, nauyin hannun sai ya kifar da ita.

Asalin motar daga gona ne. A shekarar 1944, a Amurka, wani mutum mai suna Jay Eitel ya gaji da hawa tsani yana tsinkar ceri, wani ɗan itace da bai fi kanya girma ba. Sai ya ƙera kwando mai tashi sama a bayan mota. Daga baya masu aikin wayar talho suka ga amfaninsa, suka ɗauka.

Me ke ɗaga hannun?

Mai ne. Injin motar yana juya wani famfo, famfon yana tura mai cikin bututun ƙarfe. A cikin bututun akwai sanda. Mai ba ya matsuwa, saboda haka in an tura shi, sai shi ma ya tura sandar waje. Sandar ce ke ɗaga hannun. In an buɗe wa man hanya ya koma tanki, hannun sai ya sauko sannu a hankali. Ma'aikaci yana sarrafa hannun daga cikin kwando. Akwai kuma wurin sarrafawa a ƙasa, don abokin aikinsa ya iya sauko da shi in wani abu ya same shi.

Tsuntsu da ma'aikaci

Kurciya tana sauka bisa wayar wuta, ba abin da ke samunta. Me ya sa? Wuta kullum hanyar zuwa ƙasa take nema, ko hanyar zuwa wata waya. Kurciyar waya ɗaya kawai ta taka, ba ta taɓa ƙasa ba, sai wutar ta wuce abinta. Amma mutumin da ke tsaye a ƙasa, ko bisa tsanin ƙarfe, in ya taɓa waya, jikinsa ya zama hanya.

Saboda haka kwandon motar aikin lantarki ba na ƙarfe ba ne. Ana yin sa da zaren gilashi haɗe da wani irin ƙaro mai ƙarfi, wanda wuta ba ta bi. Duk da haka ma'aikaci ba ya sakin jiki. Galibi sai an yanke wutar layin, an gwada an ga ta yanke, kafin ya kama waya. Yana sa hular kwano da safar hannu ta roba, yana kuma ɗaure kansa da ɗamarar tsaro.

Sauran ayyukanta

A manyan birane, da motar nan ake ɗaura wayoyin talho, a sauya fitilun titi, a sare rassan da suka kusanci waya. Dogayen ƙarfunan eriyar salula kuwa sun fi ƙarfin hannun galibin motoci. Su da ƙafa ake hawansu, da ɗamarar tsaro.

Motar tana da tsada, ba kowane gari ke da ita ba. Tana kuma da nauyi. Ƙasar gundumar Dungas da ta Magarya akwai rairayi mai yawa, da damina kuma fadamu suna cika da ruwa. Inda ƙasa ba ta da tauri, tayoyin motar suna kafewa, ƙafafunta suna nutsewa. A nan sai ma'aikaci ya koma ga tsani. Aikin ya fi wuya, ya fi kuma ɗaukar lokaci.

Abin da ɗan makaranta zai kiyaye

Ɗan makaranta ba shi da kwando, ba shi da safar roba. In ya ga waya ta faɗo, ya tsaya nesa. Kada ya taɓa ta ko da da sanda ne, domin ɗanyen itace yana jan wuta, jiƙaƙƙiyar ƙasa ma haka. Ya hana ƙannensa da dabbobi matsawa, ya aika a faɗa wa mai unguwa ko ma'aikatan NIGELEC. Kada ya hau turken wuta, ko itacen da rassansa ke taɓa waya. In ya tarar ana aiki da motar, kada ya tsaya ƙarƙashin kwandon.

Tambayoyi

1. Waɗanne haɗura biyu ne ke fuskantar ma'aikacin lantarki?
2. Me ya sa ake kafa ƙafafun motar kafin a ɗaga hannunta?
3. Me ya sa wuta ba ta kama kurciya?
4. Sau nawa wutar babban layin Katsina ta fi ta gida ƙarfi?

Aiki

Ku roƙi malaminku ya samo sababbin sirinji biyu marasa allura, da ɗan siririn tiyo. Ku haɗa bakunansu da tiyon, ku cika da ruwa. Ku danna sandar ɗaya. Me ya sami sandar ɗayan? Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku.